Amsar Tambaya: Me Ya Sa Masu Bindiga a Amurka Ke Tayar da Jijiyar Wuya Kan Ƙa'idojin Sassan Bindiga?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni direban babbar mota ne a jihar Teksas, ina zaune da katin zama na dindindin. Abokan aikina da yawa suna da bindigogi, kuma duk lokacin da aka ce gwamnatin tarayya za ta fito da sabuwar ƙa'ida a kan sassan bindiga sai hankalinsu ya tashi, suna cewa ana so ne a mayar da su masu laifi dare ɗaya, kuma ana so a tattara sunayensu don wata rana a zo a ƙwace makamansu. Abin yana ɗaure mini kai, domin a gida Najeriya bindiga bindiga ce, ko kana da lasisi ko ba ka da shi. Yaya guntun ƙarfe ko na roba zai jawo wannan hayaniya? Tsoron nasu yana da tushe ko siyasa ce kawai? Ni kuma da nake tunanin sayen ƙaramar bindiga don tsaron gida, me ya shafe ni a ciki?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: dalilin da ya sa sashen bindiga, ba bindigar kanta ba, yake zama abin rigima a Amurka, da ko koke-koken masu bindiga gaskiya ne ko kururuwar siyasa, da kuma inda maganar ta taɓa mutum irinka wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ni lauya ne, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina shari'un laifi ne da na shige da fice, saboda haka ta fuskar dokar tarayya zan amsa maka, ba ta fuskar maƙeri ko maharbi ba. A ganina koke-koken nan nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda kotuna suka gaskata, akwai wanda Kotun Ƙoli ta yi watsi da shi, akwai kuma wanda har yau hasashe ne. Abin da ya haɗa su shi ne, a wannan ƙasa iyakar da ke tsakanin mai bindiga na halal da mai babban laifi tana rataye ne a kan ma'anar 'yan kalmomi a cikin doka, kuma hukumar da ke fassara kalmomin ta sha canza fassararta.

Abin da doka take kira bindiga

A Najeriya dokar makamai ta 1959 da hani ta fara: ba ka riƙe bindiga sai da lasisi, kuma nau'in bindigar ne yake nuna ko shugaban ƙasa ne zai ba da shi, ko sufeto janar na 'yan sanda, ko kwamishinan 'yan sandan jiha. A Amurka abin a juye yake. Gyara na biyu ga tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya kare haƙƙin jama'a na mallakar makami, kuma a shari'ar Heller ta 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙin na kowane mutum ne a karan kansa. Gwamnatin tarayya ba ta ba mutum lasisin ajiye bindiga a gida. Inda take sa hannu shi ne ƙerawa da ciniki. Dokar 1968 ta wajabta wa mai ƙera bindiga don kasuwanci ya samu lasisi ya kuma buga wa kowace bindiga lamba, ta wajabta wa dillali ya samu lasisi ya ajiye takardar duk wanda ya saya, sannan dokar Brady ta 1993 ta ƙara binciken tarihin mai saye, wanda hukumar FBI take gudanarwa ta kwamfuta tun 1998.

To, bindigar zamani ana kwance ta a sake ɗaura ta cikin 'yan mintuna. Ana sauya bututunta, da kunamarta, da gindinta, da gidan harsashinta. Dole doka ta zaɓi sashe guda ta ce wannan shi ne bindigar, kuma ta zaɓi gangar jikin, wato sashen da sauran kayan suke zama a cikinsa. Kamar mota ne: taya da ƙofa da fitila kowa yana saye a kasuwar kayan gyara ba tare da takarda ba, amma lambar shasi ita ce motar a idon hukuma. A dokar tarayya za ka iya yin odar bututun bindiga ko kunama a kawo maka har ƙofar gida, amma gangar jiki, ko da fanko ce babu komai a cikinta, sai ta bi ta hannun dillali mai lasisi, ka cike takarda, a bincike ka. Dokar 1968 ɗin ta ƙara da cewa duk makamin da za a iya mayar da shi mai harbi "cikin sauƙi" shi ma bindiga ne. Waɗannan kalmomi biyu, gangar jiki da cikin sauƙi, su ne tushen rigimar.

Hukumar ATF, mai kula da barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa, ita ce ke fassara su. Tsohuwar ƙa'idarta ta ce gangar jiki ita ce sashen da ya ƙunshi hamar da ke bugun harsashi, da makullin bayan bututu, da kayan harbi. An rubuta wannan da tsoffin bindigogi a zuci. Ita kuwa AR-15, doguwar bindigar da Amurkawa suka fi saye, gangar jikinta rabe take biyu, sama da ƙasa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙunshi duka abubuwan da aka lissafa. ATF ta daɗe tana ɗaukar ɓangaren ƙasa a matsayin bindigar, har wasu alƙalan tarayya, ciki har da na jihar Ohio a 2019, suka ce abin da ƙa'idar ta rubuta bai hau kansa ba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma ko masu adawa da hukumar ba su musa cewa yana buƙatar toshewa ba.

Bindigogi marasa lamba da ƙa'idar 2022

Shekaru da yawa ATF tana amsa wa masu masana'antu a rubuce cewa gangar jikin da ba a ƙarasa sassaƙa ta ba, wadda ba a rarake mazaunin kunama ba kuma ba a huda ramukanta ba, ƙarfe ne kawai. 'Yan kasuwa suka laƙaba mata "kashi 80", ko da yake babu wannan lissafi a doka. A da, ƙarasa irin wannan aiki sai mai injin sassaƙa ƙarfe da ƙwarewa. Da aka koma yin ta da roba mai tauri, kamfanoni irin su Polymer80 na jihar Nevada suka fara sayar da ita a akwati ɗaya tare da mazubin da ke nuna inda za a huda, da bakin na'urar huji, da duk sauran sassan, ba lamba, ba takarda, ba bincike. Wanda doka ta hana mallakar bindiga, ko yaron da bai kai shekarun saye ba, yana iya yin oda ta intanet ya haɗa abarsa a ɗaki. A 2017 'yan sanda sun aika wa gwamnatin tarayya irin waɗannan bindigogi wajen 1,600 don a bi sawunsu. Zuwa 2021 adadin ya haura 19,000, kuma kusan dukkansu ba a iya gano inda suka fito ba.

A watan Mayu na 2021 gwamnatin Biden ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida. Tsarin Amurka tun daga dokar 1946 shi ne, hukuma ba ta kafa ƙa'ida sai ta wallafa daftari, ta ba jama'a lokaci su rubuto ra'ayinsu, ta kuma amsa muhimman koke-kokensu. Wannan daftari ya samu ra'ayoyi kusan 290,000, kuma duk wanda ya karanta su ya ga abin da ke damun abokan aikinka.

Na farko, daftarin ya faɗaɗa ma'anar gangar jiki har ta kai bindiga ɗaya tana iya samun sassa biyu ko uku da kowanne za a kira bindiga. Da ya wuce a haka, da ɓangaren saman AR-15, wanda miliyoyin mutane suka saya ba lamba, ya shiga rigima, kuma da sayen kayan gyara ya koma sai ta hannun dillali. Wannan kuka ya yi amfani. Ƙa'idar ƙarshe, wadda ta fito a watan Afrilu na 2022 ta fara aiki ranar 24 ga Agusta, ta koma kan sashe guda ga kowace bindiga, ta kuma bar ɓangaren ƙasan AR-15 a matsayinsa na da. Ina yawan kawo wannan misali ga masu cewa rubuta wa hukuma ɓata lokaci ne.

Na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci a matsayina na lauyan masu kare kansu. Ƙa'idar ta ce gangar jikin da ba a ƙarasa ba bindiga ce idan ana iya ƙarasa ta cikin sauƙi, sannan ta lissafa abubuwa takwas da za a duba: lokacin da aikin zai ci, da wahalarsa, da ƙwarewar da ake buƙata, da kayan aiki, da samuwar sauran sassa, da kuɗi, da yawan canjin da za a yi, da ko aikin zai lalata abin. Ba ta ce minti nawa ba, ba ta ce rami nawa ba. Ta kuma ba hukuma damar duba mazubi da takardar bayani da tallan da aka haɗa da kayan. Ma'ana, guntun roba ɗaya yana iya zama ba bindiga ba idan an sayar da shi shi kaɗai, ya zama bindiga idan an haɗa shi da mazubi. Ga hukumar da ke bin sawun 'yan kasuwa masu dabara wannan yana da ma'ana, amma dokar da ke kai mutum kurkuku ana so mutum ya iya karanta ta ya san inda iyaka take tun kafin ya taka ta.

Na uku, mai gyaran bindiga mai lasisi da ya karɓi bindigar da mutum ya ƙera da kansa ya shigar da ita littafinsa, dole ya buga mata lamba. Masu ƙera tasu suna ganin wannan hanya ce ta shigar da su cikin takarda ta bayan gida. Na huɗu kuma, wanda lauyoyinsu suka fi dogara da shi, shi ne cewa Majalisar Dokoki ce kaɗai ke da ikon ƙirƙirar laifi, ba hukumar da ba a zaɓe ta ba.

A kan wannan na ƙarshe suka je kotu. Sun yi nasara a gaban alƙali Reed O'Connor a nan Teksas a 2023, suka sake yin nasara a kotun ɗaukaka ƙara, amma ranar 26 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a shari'ar VanDerStok da alƙalai 7 a kan 2. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Neil Gorsuch, alƙalin da Trump ya naɗa, kuma ya kafa hujja da akwatin Polymer80 da wani mai gwaji ya haɗa ya zama bindiga mai harbi cikin minti 21. Clarence Thomas da Samuel Alito ne suka saɓa. Ni ina ganin hukuncin daidai ne, domin da wuya mutum ya ce akwatin da ake tallarsa da cewa ka saya ka haɗa ka harba ba makami ba ne. Sai dai kotun ba ta ce duk guntun ƙarfe bindiga ne ba. Ta bar ƙofa ga wanda zai zo ya nuna cewa nasa kayan sun yi nisa da ƙarasawa. Kuma ka lura da abin da ake yawan ɓatarwa a hira: ƙa'idar ba ta hana mutum ƙera bindigarsa don amfanin kansa ba, ba ta kuma tilasta masa buga mata lamba ba. Mai sayar da akwatin ta kama. Jihohi irin su Kalifoniya ne suka wuce nan da dokokinsu.

Inda masu bindiga suke da gaskiya

Akwai wata tsohuwar doka ta 1934, wadda aka yi a zamanin gungun 'yan fashi masu mashinga. Ta ware wasu makamai ta ce sai an yi musu rajista da gwamnatin tarayya an biya harajin dala 200, kuɗin da a yau ya haura dala 4,000. Cikinsu akwai bindiga mai sarrafa kanta, da salansa mai rage ƙarar harbi, da doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba. Riƙe ɗayansu ba rajista yana iya jawo ɗaurin shekara 10. A ƙarƙashin wannan doka ne aka yi rigingimu biyun da suka sa abokan aikinka ba sa yarda da hukuma.

Ta farko ta wani gindin bindiga ce mai zarya gaba da baya, wanda ke amfani da tunkuɗar harbi ya sa kunama ta riƙa bugun yatsa da sauri. Fiye da sau goma ATF ta rubuta cewa ba ya mayar da bindiga mai sarrafa kanta. Bayan kisan Las Vegas na 1 ga Oktoba 2017, inda maharbi ya yi amfani da shi ya kashe mutum 58 a daren, gwamnatin Trump ta sa hukumar ta sauya fassara, aka ce duk mai shi ya lalata ko ya miƙa kafin ƙarshen Maris 2019, ba diyya. Wani mai shagon bindiga a Austin, Michael Cargill, ya miƙa nasa ya shigar da ƙara, kuma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya da alƙalai 6 a kan 3. Alito ya rubuta a gefe cewa idan ana son hana abin, Majalisa ta gyara dokar. Ni ban ga amfanin wannan kaya a hannun farar hula ba, amma ra'ayina a kansa daban, tambayar wa ke da ikon haramta shi daban.

Ta biyu ta fi taɓa talakawa. A 2012 aka ƙirƙiro wani madauri da ake ɗaura wa babbar fistol a damtse, domin tsohon sojan da ya naƙasa ya iya harbi da hannu ɗaya, kuma ATF ta amince cewa bai mayar da fistol doguwar bindiga ba. Mutane suka gano ana iya tokara shi a kafaɗa kamar gindi. A 2015 hukumar ta ce wanda ya tokara a kafaɗa ya sauya bindigar. A 2017 ta sassauta wannan magana. A tsakanin nan kamfanoni suna ta sayar da fistol da madaurin a jikinta a shaguna masu lasisi. ATF ta ƙiyasta akwai miliyan 3 zuwa 7 a hannun jama'a, sashen bincike na Majalisa ya ce miliyan 10 zuwa 40. Bayan an yi amfani da irin wannan bindiga a kisan Dayton na 2019 da na Boulder na 2021, sai hukumar ta fitar da daftari mai ɗauke da jadawalin maki, wanda mutum zai auna bindigarsa da shi. A ƙa'idar ƙarshe ta Janairun 2023 ta jefar da jadawalin ta maye gurbinsa da wasu ma'aunai da ba su da adadi, ta ce yawancin waɗannan bindigogi gajerun dogayen bindigogi ne na dokar 1934, ta ba mutane kwana 120.

A watannin nan na ga abin da takarda ba ta nunawa. Masu zuwa ofishina ba 'yan daba ba ne, mutane ne riƙe da rasit, waɗanda suka cike takarda a shago aka bincike su aka sallame su. Zaɓin da ke gabansu shi ne su yi rajista, an yafe musu harajin, ko su cire madaurin ta yadda ba zai sake komawa ba, ko su sa dogon bututu, ko su lalata bindigar, ko su miƙa ta. Rajistar tana nufin hoton yatsu da hoton fuska, da neman izinin hukuma a rubuce kafin a tsallaka da bindigar wata jiha, kuma a jihohin da suka hana gajeriyar doguwar bindiga rajistar ma ba mafita ba ce. Tambayar da suka fi yi mini ita ce, idan na cire madaurin na ajiye a durowa, na tsira? Amsar ba ta fito fili ba, domin tun shari'ar Thompson/Center ta 1992 an san cewa tarin sassan da ba su da wani amfani sai haɗa haramtacciyar bindiga ana iya ɗaukar su a matsayin bindigar. Ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, shawarata a lokacin ita ce su raba madaurin da gidan gaba ɗaya, kada su jira kotu. Mutum wajen 255,000 ne kawai suka nemi rajista. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙa'idar ƙarshe ta yi nisa da daftarin da aka nuna wa jama'a, alƙali O'Connor ya soke ta a watan Yuni na 2024, kuma a 2025 gwamnati ta janye ɗaukaka ƙararta. Wanda ya lalata kayansa don biyayya babu wanda ya biya shi. Idan abokin aikinka ya ce ana mayar da mutum mai laifi dare ɗaya, wannan yake nufi, kuma a nan bai yi ƙarin gishiri ba.

Tsoron rajista da ƙwace

Wannan ne kukan da ya fi ƙara, kuma a ganina shi ne mafi raunin hujja. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga. Idan an tsinci bindiga a wurin laifi, cibiyar ATF da ke Martinsburg a jihar West Virginia tana tuntuɓar kamfanin da ya ƙera ta, daga nan zuwa babban dillali, zuwa shago, har a kai ga wanda ya fara saya. Takardun suna zama ne a shago, sai ya rufe kasuwanci sannan ya aika wa cibiyar. A da, shago yana iya zubar da takardar da ta shekara 20. Ƙa'idar 2022 ta ce ya riƙe ta har ranar da zai rufe. A nan masu bindiga suke cewa ana gina rajista a sace, kuma suna nuni da cewa hukumar ta taɓa shaida wa 'yan majalisa tana riƙe da irin waɗannan takardu sama da miliyan 900. Hukumar ta ce ba a iya binciken su da sunan mutum. Adadin gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne a sa ido a kansa. Amma takardar tana nuna wanda ya saya ranar da aka sayar ne, ba wanda ke riƙe da bindigar yau ba, balle a jiha irin Teksas inda mutum yana iya sayar wa maƙwabcinsa ba tare da dillali ba. Tsakanin wannan tarin takardu da bin gida-gida ana ƙwace akwai tsarin mulki, da kotuna, da Majalisar da ta kasa amincewa da abubuwan da ba su kai wannan ba. Kada kuma a manta cewa ƙungiyoyin ɓangarorin biyu suna tara gudunmawa ne da tsoratar da magoya bayansu.

Abin da ya shafe ka

Daftari ba doka ba ne. Idan ka ji ana hayaniya, tambayi ko daftari ne, ko ƙa'ida ta ƙarshe, ko kotu ta dakatar da ita, kuma ga wa, domin wasu umarnin kotu 'yan ƙungiyar da ta kai ƙara kaɗai suke karewa. Al'amarin kuma yana juyawa da gwamnati: a watan Fabrairu na 2025 Trump ya umarci ma'aikatar shari'a ta sake duba ƙa'idojin zamanin Biden, kuma dokar da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta mayar da harajin dala 200 sifili ga salansa da gajerun dogayen bindigogi daga farkon 2026, ba tare da ta cire wajabcin rajista ba. Abin da wata gwamnati ta sassauta, wata tana iya tsanantawa.

Mai katin zama na dindindin yana da damar sayen bindiga a dokar tarayya. Mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai da wasu togaciya kamar lasisin farauta, wanda kuma ba shi da takardun zama an hana shi kwata-kwata. Bambancinka da abokan aikinka shi ne, su idan sun yi kuskure shari'a ɗaya ce a gabansu, kai biyu ce, domin dokar shige da fice ta sanya kusan kowane laifin bindiga cikin dalilan korar mutum daga ƙasa, komai daɗewarsa. Saboda haka idan ka yanke shawarar saye, sayi cikakkiyar bindiga ta kamfani a shago mai lasisi, ka adana rasit, ka bar ta yadda ta zo. Ka nisanci akwatunan haɗa-da-kanka da duk kayan da ake jayayya a kansu. Ka fi nisantar ɗan maɓallin nan da ake maƙala wa fistol ƙirar Glock ta koma mai sarrafa kanta, wanda ake tallarsa da araha a intanet. Wannan babu jayayya a kansa, shi kaɗai a aljihu doka tana ɗaukarsa mashinga.

Sana'arka ta ƙara wani nauyi. Teksas ta daina neman lasisin ɗaukar fistol tun Satumban 2021, amma dokarta a iyakarta take tsayawa. Dokar tarayya tana kare mai wucewa ta wata jiha idan bindigar ba harsashi a ciki, tana kulle inda hannu ba ya kaiwa, kuma halal ce a inda ya taso da inda za shi, amma a jihohi irin su New York da New Jersey ana kama mutum ne tukuna, ya zo ya kafa wannan hujja a gaban alƙali. Gidan harsashin da ya halatta a Houston yana iya zama laifi a can saboda yawan abin da yake ɗauka, kuma kamfanonin sufuri da yawa sun hana bindiga a motocinsu. Dokokin jihohi hamsin sun fi ƙarfin amsa ɗaya, kuma wannan bayani ne na gaba ɗaya. Kafin ka saka bindiga a mota, zauna da lauyan jiharka wanda ya san dokar makamai da ta shige da fice tare.

Abu na ƙarshe ya shafi mutanenmu musamman. Kasancewar ana sayar da bututu ko kunama ko gidan harsashi ba takarda a nan ba ya nufin ana iya fitar da su daga ƙasar. Fitar da bindiga ko sassanta yana buƙatar lasisin gwamnatin tarayya, wanda tun 2020 ma'aikatar kasuwanci ce ke ba da yawancinsa, kuma an ɗaure mutanen da suka ɓoye irin waɗannan kaya a cikin motoci da kwantenonin da za su Afirka ta Yamma. Idan ɗan'uwa a gida ya roƙe ka ka jefa masa "ɗan kayan gyara" a cikin motar da za ka aika, sunanka ne a kan takardar jigilar, kuma kai za a tuhuma a nan kafin kayan su isa tashar jirgin ruwa ta Legas ko ta Kwatano.